Baƙin tabo a tafin ƙafa: yadda za ka duba kanka da 'yan gidanku, da inda gado ya shigo cikin maganar

Jama'a akwai wani nau'in ciwon daji na fata da ake kira melanoma, wanda yawancinmu in ma mun taɓa jin sunansa to ɗauka muke yi ciwon Turawa ne masu zuwa bakin teku su shanya jiki a rana. Kuma gaskiya su ɗin ya fi kamawa, Ostareliya ma tana sahun gaba a duniya. A shekarar 2020 an ƙiyasta mutum kusan 325,000 ne suka kamu da shi a duniya, kusan 57,000 suka rasu. Amma mu ma yana kama mu, sai dai mu ba a baya ko a fuska ya fi fito mana ba, a tafin ƙafa yake zuwa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wuraren da babu ruwansu da rana. Shi ya sa manomi a Dukku ko Kumo zai yi shekara yana ɗingishi da baƙin tabo a dunduniya yana cewa ƙaya ce ta karye a ciki tun damina.

Ciwon yana farawa ne daga ƙwayoyin da ke samar da launin fata, su ne suke sa mu baƙi. In ɗaya daga cikinsu ta lalace ta fara hayayyafa babu tsayawa, da farko a saman fata take bazuwa, tana iya yin watanni ko shekaru a haka, daga baya sai ta fara nitsewa ciki. To wannan nitsewar ita ce gaba ɗaya maganar, ka riƙe ta don za mu dawo kanta.

Mu fara da duba ƙafa tunda shi ne ba ya cin ko sisi. Sau nawa kake wanke ƙafarka a rana wajen alwala? Amma tsakani da Allah yaushe rabonka da ka juyo tafin ka kalle shi? Yawanci buta ce a hannu ɗaya, ɗayan yana cuɗa, ido kuma yana kan liman kar a tayar. Sau ɗaya a wata ya isa. Ka zauna a waje da rana inda haske yake sosai, ba cikin ɗaki da fitilar waya ba, ka wanke ƙafar tas ka goge, ka ɗora ta kan gwiwa ka bi ta daga dunduniya har zuwa yatsu, ka buɗe tsakanin kowane yatsa, ka duba gefen ƙafar, sannan faratan ɗaya bayan ɗaya. Ka fi mai da hankali kan dunduniya da wajen gindin yatsu inda nauyin jiki ke sauka, wani bincike da aka yi a Japan ya nuna a nan ya fi fitowa. In ƙiba ko ciwon baya ba za su bar ka ka lanƙwasa ba, ka sa madubi a ƙasa, ko ka ba yaro waya ya ɗauko maka hoto.

Mata, lalle yana rufe komai, musamman baƙin nan da ake yi wa tafin ƙafa da farce lokacin biki. Ban ce a daina ba, ni wa? Amma ki duba ƙafarki da faratanki kafin a ƙunsa miki sabo, lokacin da tsohon ya koɗe.

Tsofaffi su ne suka fi buƙata kuma su ne ba za su taɓa yi da kansu ba, ciwon ya fi zuwa bayan an manyanta. Kar ka je ka ce Baba zan duba ka ko kana da daji, wallahi korar ka zai yi. Ka ɗauko man shafawa ka durƙusa ka ce Baba kawo ƙafar in shafa maka, na ga fason nan ya yi yawa. Kana shafawa kana kallo. In ka ga wani abu sai ka tambaya a hankali, Baba wannan baƙin tun yaushe yake nan? In ya ce ai tun ina yaro, kuma bai canja ba, to da sauƙi. In ya ce bara ne ya fito ɗan mitsitsi yanzu ga shi ya faɗaɗa, to ka san akwai tafiya asibiti a gabanku.

Me kake nema? Tabo baƙi ko ruwan ƙasa wanda ɓangarensa ɗaya bai yi kama da ɗayan ba, bakinsa ba a zagaye yake sumul ba, ya yi cin-cin kamar yana malala, launinsa ba ɗaya ba ne, nan baƙi ƙirin can ja-ja can toka-toka, faɗinsa ya wuce milimita 6, kuma mafi girma a cikin alamomin, yana canjawa. Tawadar Allah da ka tashi da ita tana nan yadda take ba ita ake tsoro ba. A ƙafa kuma akwai ƙari: miki da ya wuce wata biyu bai warke ba duk da ana wanke shi ana sa magani, ko wurin da ke zubar da jini ko ruwa haka kawai, ko tsiro da kowa ya gani sai ya ba shi suna daban. Wani ma ba baƙi ba ne sam, ja ne kamar tsoka, irin wannan shi ya fi yaudarar mutane, musamman masu ciwon suga da za a ce ai gyambon suga ne a yi ta naɗe shi da bandeji.

Farce na da nasa bayanin. Mu baƙar fata da yawanmu muna da ɗan baƙin layi da ya miƙe daga gindin farce zuwa bakinsa, sau da yawa a farata da dama, wannan ba komai ba ne. Wanda za ka damu da shi shi ne layi a farce ɗaya tak, musamman babban yatsan ƙafa ko na hannu, wanda ya kai milimita 3 ko ya wuce, yana ƙara faɗi, ko baƙin ya tsallako daga farcen ya hau fatar da ke kewaye da shi, ko farcen ya fara tsagewa yana ruɓewa. Jinin da ya taru bayan tuntuɓe yana tafiya gaba ne yayin da farce ke tsiro har ya fita, shi kuwa wannan yana nan daram daga gindi. Bob Marley na Jamaika a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafa aka gano masa nasa a 1977, an fara ɗauka raunin ƙwallo ne, aka ba shi shawarar cire yatsan bai yarda ba, ya rasu a 1981 yana da shekara 36.

In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka ɗauko rula ta 'yan makaranta ka ajiye gefensa ka ɗauki hoto, ka rubuta kwanan wata. Hoton don likita ne ya gani, ba wai ka zauna kana jiran ya girma ba.

Yanzu maganar gado, wadda na san ita ce za ta fi tayar wa mutane hankali. Eh, ana gadon saurin kamuwa da shi, amma kaɗan ne, kusan mutum 1 cikin 10 na masu ciwon ne ake samun wani a danginsu ya taɓa yi. Ƙwayar gado da aka fi sani a wannan fanni sunanta CDKN2A, tun 1994 aka danganta ta da gidajen da ciwon ke yawo a cikinsu, kuma ana samun lalatacciyarta a kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na irin waɗannan gidaje. Aikinta birki ne, ita ke tsayar da ƙwayar jiki kar ta yi ta rabuwa. Kowa yana da guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, to wanda ya gaji lalatacciya an haife shi ne da birki ɗaya kacal, ranar da wannan ɗin ma ya tsinke a wata ƙwayar fata shi ke nan. Kowane ɗa ko 'yar mai ɗauke da ita yana da rabi da rabi, ko ya gada ko bai gada ba, kuma babu ruwanta da mace ko namiji, ta wajen uwa tana zuwa ta wajen uba tana zuwa. Ita wannan ƙwayar tana kuma ƙara haɗarin dajin pankiriyas, wato abin nan na cikin ciki da ke samar da insulin. Akwai wasu irin su CDK4 da POT1, da BAP1 wadda ke haɗa dajin fata da na cikin ido da na ƙoda a gida ɗaya.

Gadar ƙwayar ba ta nufin dole a kamu. Wani babban bincike da ya fito a 2002 ya bi irin waɗannan gidaje, ya ga cewa zuwa shekara 80, kashi 58 cikin 100 na masu ɗauke da ita a Turai ne suka kamu, a Amurka 76, a Ostareliya 91. Ƙwaya ɗaya ce fa, amma inda mutum ke zaune ya canja lissafin.

To shin abin da ka gada yana shafar ko za ka rayu bayan ka kamu? Masana sun daɗe suna tono a nan. A Suwidin an fitar da bincike a 2016 da ya nuna masu lalatacciyar CDKN2A sun fi saurin rasuwa da ciwon a kan waɗanda ba su da ita, amma wani da aka yi a Italiya daga baya bai ga wannan bambancin ba. Akwai kuma MC1R, ƙwayar da ke sa wasu Turawa jan gashi da fatar da ba ta jure rana, tana ƙara musu haɗarin kamuwa, amma abin mamaki wasu binciken sun ga masu ita sun ɗan fi daɗewa bayan sun kamu. Kusan duk wannan aiki a kan Turawa aka yi shi, kuma a kan irin ciwon da rana ke jawowa, ba na tafin ƙafa ba. Ni a ganina duk wanda ya ce maka ka tara kuɗi ka aika jini waje a yi maka gwajin gado alhali ko tafin ƙafarka ba ka taɓa juyowa ba, ya sa ka fara daga ƙarshe ne. Har yau likita ba da gwajin gado yake faɗa wa majinyaci matakin ciwonsa ba.

Abin da za ka iya yi a gida game da gado shi ne ka samu takarda da biro ka zauna da wadda ta fi kowa sanin tarihin gidanku, yawanci wata gwaggo ce ko kaka. Ka raba takardar biyu, dangin uwa daban dangin uba daban, kar ka cakuɗa. Kar ka tambaye ta wa ya yi melanoma, ba za ta gane ba. Ce mata za ka yi Gwaggo, a gidanmu akwai wanda aka taɓa yanke wa yatsa ko ƙafa ba don hatsari ba? Akwai wanda ya yi gyambo baƙi da ya ƙi warkewa har ya tafi da shi? Wa aka cire wa ido? Wa ya yi ciwon ciki ya rame idonsa ya yi ɗorawa ya rasu cikin 'yan watanni? Ka rubuta shekarun kowa lokacin da abin ya same shi, ko da kintace ne. Ba duk waɗannan ne za su zama daji ba, shawara da ciwon hanta sun yi mana yawa a nan, amma tantancewa aikin likita ne ba naka ba. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce, a ƙasashen da ciwon bai yawaita ba, in an samu mutum biyu na jini a ɓangare ɗaya da melanoma, ko ɗaya melanoma ɗaya dajin pankiriyas, ko mutum ɗaya da ya yi melanoma sau biyu a wurare daban, to gidan ya cancanci a zauna da su kan maganar gwajin gado.

Gadon da ya fi kusa da mu ma wani ne daban. Zabiya dai kowa ya san su, sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka biyun kafin ya fito zabiya, don haka masu ɗora wa uwa laifi su daina. Zabiya rana ce babbar abokiyar gabarsu, kuma dajin fatar da ya fi kama su wani nau'i ne ba melanoma ba, amma yana kisa. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, kuma don Allah kar a tura yaro zabiya talla ko kiwo ko gona da tsakar rana, duk ɓawon da ya fito a kunne ko leɓe ko wuya ya ƙi tafiya a kai shi asibiti. Sai kuma wani ciwo da ba a cika gani ba, xeroderma pigmentosum, inda jiki ba ya iya gyara ɓarnar da rana ta yi wa fata. Za ka ga yaro tun yana shekara ɗaya zuwa biyu fuskarsa ta cika da ɗigo-ɗigo, fatar ta bushe, ba ya iya buɗe ido a rana. Irin waɗannan yara suna iya kamuwa da dajin fata tun ba su kai shekara goma ba. Shi ma daga iyaye biyu ake gado, shi ya sa ya fi fitowa inda ake auren zumunci, in akwai irinsa a gidanku to a nemi shawarar likita kafin a sake haɗa 'yan uwa.

Toh ka ga tabo, sai ina? Ba wajen wanzami ba, ba sakiya, ba a ɗaure shi da zare, ba a zuba masa ruwan batir ko toka, kar kuma a bari a ƙanƙare shi a kemis a jefar. Duk wanda ya ƙone saman ya bar saiwar a ciki ya ɓata shaidar da likita zai auna ne kawai. Na san maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, wai in an taɓa shi da wuƙa sai ya fantsama. Abin da ke faruwa shi ne mutane ba sa zuwa sai ya riga ya bazu, ana yin aiki mutum ya rasu sai a ce wuƙar ce. Ka yi addu'arka ka yi tofinka, amma ka je. Ka fara daga babban asibitin da ke kusa da kai ka nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) in ka fi kusa da Bauchi, wajen likitan fata ko na tiyata.

Abu ɗaya da ba za ka yarda a tsallake ba: duk naman da aka yanka a sa shi cikin ruwan fomalin, wanda ke hana nama ruɓewa, a kai lab a duba shi a madubin likita, ko da kai za ka ɗauki kwalbar da hannunka ka biya. Ido kawai ba ya tabbatar da melanoma. In rizal ya fito ka karɓi kwafi ka ɗauke shi a waya, sannan ka yi tambaya cikin ladabi, ranka ya daɗe zurfinsa milimita nawa ne? Wani likita a Amurka, Alexander Breslow, shi ya nuna a 1970 cewa zurfin nan shi ke faɗin inda ciwon ya dosa, har yau da sunansa ake kiran awon. Milimita 1 ko ƙasa da haka siriri ne, 1 zuwa 2, sai 2 zuwa 4, abin da ya wuce 4 kuma ya yi kauri sosai. Ka tambaya ko samansa ya fashe ya zama miki, don wannan yana ƙara nauyin lamarin. Ka tambaya ko gefen da aka yanka ya fita tsaf. Yawanci ana komawa a ƙara yanke lafiyayyar fata kewaye da wurin, santimita 1 in siriri ne, santimita 2 in ya wuce milimita 2, a tafin ƙafa wani lokaci sai an ɗebo fata daga cinya an lika, in a farce ne kuma ya yi zurfi ana iya cire gaɓar yatsan. Kar wannan ya sa ka gudu da majinyaci cikin dare, mutum na tafiyarsa lafiya lau babu yatsa ɗaya.

Sai kaluluwa. Ciwon ƙafa matse-matsi yake fara zuwa, na hannu kuma hammata, ka tabbata likita ya lalluba wuraren, in akwai kumburi za a yi hoto ko a ɗebi samfuri. Ga dalilin da ya sa nake ta nanata sauri: a alƙaluman Amurka, in an kama shi bai bar fata ba, sama da 99 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara biyar, in ya kai kaluluwa kusan 75, in ya tafi huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa kusan 35. Kuma a can ɗin ma baƙaƙen fata kusan 70 cikin 100 ne ke kai shekara biyar yayin da farare suka haura 90, babban dalili shi ne nasu a makare ake gano shi.

Wani abu da ke rikita mutane, likita zai iya cewa za a gwada wata ƙwaya mai suna BRAF, sai dangi su firgita su ɗauka gado ne. A'a, wannan lalacewa ce da ta faru a cikin tsiron kansa, ba a jinin mutum take ba kuma 'ya'yansa ba za su gada ba. An gano ta a 2002, tana cikin kusan rabin melanoma na fata, amma a na tafin ƙafa ba ta kai haka ba. Amfanin gwajin shi ne akwai magungunan haɗiya irin su dabrafenib da trametinib da ke aiki kan masu ita kaɗai. Akwai kuma allurai masu zaburar da garkuwar jiki, pembrolizumab da nivolumab, da suka fito a 2014, waɗanda aikin James Allison da Tasuku Honjo ya share wa hanya har suka ci kyautar Nobel a 2018. Sun ceci mutane da yawa da a da babu yadda za a yi da su, amma tsadarsu sai dai a yi shiru, kuma na tafin ƙafa bai cika jin su kamar na rana ba. Kar ka sayar da gona kan maganin da wani ya tallata maka a WhatsApp, sai likitan daji ya ga rizal ya ce ya dace.

Bayan aiki ba a sallami mutum ke nan ba. Za a riƙa ba shi ranar dawowa duk bayan 'yan watanni a shekarun farko, a riƙe katin kar a ce ai ya warke. A gida duk wata ya shafa tabon aikin, ya bi fatar da ke tsakanin wurin da matse-matsi ko hammata yana neman ƙananan ƙulli ko baƙin ɗigo, ya lalluba kaluluwa, ya duba ɗaya ƙafar ma don wanda ya yi sau ɗaya ya fi sauran mutane haɗarin sake yin sabo. Tari da ya ƙi tafiya, rama, ciwon kai mai naci, duk a koma kafin ranar da aka rubuta. 'Ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya kuma a faɗa musu ainihin sunan ciwon, ba a ce musu ciwon ƙafa ne kawai ba, su ajiye hoton rizal ɗin a wayoyinsu, duk ranar da ɗayansu ya je gaban likita da wani tabo ya nuna masa.